A fitar da lambobin ko-ta-kwana daga cikin waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari ya haƙuri da mu masu karatu. Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni mai gyaran waya ne a nan Maradi, kuma a yanzu matsalar da ta fi kawo mutane teburina da ɓacin rai ba fashewar gilashi ba ce ba mutuwar batir ba, ita ce mutum ya sayi sabuwar waya ya rasa yadda zai koma cikin imel ɗinsa ko Facebook ɗinsa, yana tsaye yana ce maka wallahi nawa ne, ga hotona ma a ciki, kai kuma ka san nasa ne amma babu abin da za ka iya yi mishi.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su saba ba. Da can kalmar sirri kawai ake sawa a shiga. Yanzu kamfanoni sun ƙara mataki na biyu, wato bayan ka sa kalmar sirri sai a nemi wata lamba, ko dai a turo maka ita ta SMS a layinka, ko ka duba ta a wata ƴar manhaja irin Google Authenticator mai fitar da lamba 6 da ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30, ita wannan ko babu rezo ko babu kiredi tana aiki. Abu ne mai kyau ƙwarai, don ko ɓarawo ya san kalmar sirrinka ba zai wuce ba sai da wayarka a hannunsa. To amma su kansu kamfanonin sun san waya tana ɓata, ana sace ta, tana faɗawa ruwa, shi ya sa in ka kunna wanga tsaro suke tanadar maka wasu lambobi na ko-ta-kwana. Google na ba da guda 10, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki ta mutu. Facebook ma guda 10 ne. Microsoft guda ɗaya ce doguwa mai haruffa da lambobi 25, ta Apple 28. Amfaninsu ɗaya ne tak, ranar da wayar ba ta hannunka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata shawara da nake ji tana yawo a bakin samarinmu masu ilimin kwamfuta, wai a kwashe waɗannan lambobi a zuba su cikin manhajar ajiyar kalmomin sirri, irin su Bitwarden ko 1Password ko KeePass, a huta. Ni ban ƙi waɗannan manhajoji ba, ina amfani da ɗaya ma, kuma duk wanda ya zo wurina da kalmar sirri guda ɗaya da yake sawa ko'ina, galibi lambar wayarsa ko shekarar haihuwarsa, ita nake fara nuna mishi. Tana riƙe maka kalmomi ɗari masu wuya kai kuma ka haddace guda ɗaya babba mai buɗe su duka. Wannan daidai ne. Inda na rabu da su shi ne kan lambobin ko-ta-kwana na manyan asusu, don ina wannan manhaja take zaune? Cikin wayar nan dai da ake tsoron ɓatanta.

Akwai wani ɗalibi da ya zo min, yaro mai hankali wallahi, ya yi duk abin da ake cewa a yi. Kalmominsa duk dogaye ne masu wuya suna cikin manhaja, ya kunna mataki na biyu a imel, ya kunna a Facebook, har ita manhajar ajiyar ya sa mata mataki na biyu, lambobin ko-ta-kwana kuma ya kwafe su tsaf ya zuba a cikinta. Sai aka zare mishi waya daga aljihu a cunkoson kasuwa. Ya haɗa kuɗi ya sayi wata, ya zauna kan bencina muka sauke manhajar, ya sa babbar kalmarsa daidai ba kuskure, sai ta ce kawo lamba 6. Lambar tana wayar da aka sace. Akwai wurin da aka rubuta in ba ka da ita sa lambar ko-ta-kwana, na ce to ina take, ya yi shiru yana kallon gilashin, can ya ce min a hankali tana ciki. Muka ce to mu bi ta imel, kalmar sirrin imel ɗin ita ma tana ciki, kuma bai taɓa haddace ta ba don manhajar ce ta ƙirƙira mishi ita. Ya daɗe zaune yana juya sabuwar wayar a hannu, takardun karatunsa da ya ajiye a Drive, wato wurin ajiyar Google na intanet, da hotunan mahaifiyarsa da ta rasu duk suna can. Su kuma irin waɗannan manhajoji da gangan aka gina su yadda ko kamfanin da ya yi su ba ya iya buɗe ma'ajinka, tsaron ke nan, don haka babu wanda za ka kira ka yi wa kuka.

Kada wani ya ce ai ni ban da irin wannan manhaja, abin bai shafe ni ba. Mafi yawanmu Tecno da Itel da Infinix muke riƙewa, duk Android ne, kuma in waya ta tambaye ka ko ta adana maka kalmar sirri ka danna to, galibi a ma'ajin Google take shiga, wanda shi kuma ba ya buɗuwa sai ka shiga asusunka na Google. To ka ga wanda ya ajiye lambobin ceton Gmail ɗinsa a can, ko a Drive, ko a Google Photos, ko ya tura wa kansa ta imel ɗin, ranar da yake buƙatarsu sai ya fara shiga kafin ya ɗauko abin da zai shigar da shi.

Ƴan kasuwarmu da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina sun san wannan tun kafin a yi waya, ba wanda ke haɗa kuɗin motar komawa gida da kuɗin sari a aljihu ɗaya, na komawa daban ake soke shi a lalita ko cikin hula, don in aka yanke aljihu aƙalla mutum ya kwana a gidansa. Lambobin nan su ne kuɗin motar.

Wancan gefen ɓata ke nan, akwai kuma gefen ɓarawo. Dalilin da ya sa aka ce mataki biyu shi ne abu biyu a wuri biyu, wanda ka sani a kanka da wanda ka riƙe a hannunka. In ka haɗa kalmar sirri da lambobin ko-ta-kwana a ma'aji ɗaya to duk wanda ya buɗe ma'ajin ya sami duka biyun, tsaronka ya koma mataki ɗaya ba ka sani ba. Kuma ba tatsuniya ba ce a ce an taɓa ma'aji, a shekarar 2022 kamfanin LastPass, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, ya fito da kansa ya ce an shiga an kwashe kwafin ma'ajin mutane. Gaskiya ne a kulle suke, amma ɓarawon ya tafi da su gidansa yana da duk lokacin duniya ya yi ta gwada kalmomi, wanda babbar kalmarsa gajeriya ce shi ne cikin haɗari.

Amma mu a nan ba ma sai an je ga ɓarayin intanet na ƙasashen waje ba. Wayarmu yawo take yi hannu hannu. In an ɗauke wuta ka kai ta wurin mai caji ka bar ta yini guda, ƙanenka ya san zanen buɗe ta, yara na kallon bidiyo da ita, aboki ya ara ya yi kira. Mu masu gyara ma in ka kawo sai mun ce faɗi lambar buɗewa don mu gwada gilashi da sifika, kuma zan faɗi gaskiya, a cikinmu akwai masu tsoron Allah akwai kuma waɗanda ba sa jin kunyar leƙa abin da ba nasu ba. Mutane da yawa sun saita ma'ajin yadda lambar buɗe waya ita ce ke buɗe shi, ka ga wanda ka ba waccan lamba ka ba shi komai.

Wanda ya fi wannan muni, kuma shi na fi gani, shi ne sikirinshot. Lambobin su fito a gilashi mutum ya ɗauki hotonsu ya bar shi cikin hotunan biki da na suna, ko ya tura wa kansa a WhatsApp. In aka sace wayar ɓarawo ya samu, in ta mutu aka yi mata filashin sun tafi. Tsakanin wannan da manhajar ajiya ai manhajar ta fi sau dubu, ko ba komai ita a kulle take.

Wasu kuma su ce min ai ba damuwa, in waya ta ɓata sai in je a sake min layina a turo min lamba ta SMS. In layin da sunanka aka yi rajistarsa kuma katinka na ɗan ƙasa na hannu, to, kana da hanya. Amma nawa ne a cikinmu ke riƙe da layin da wani ya saya musu da sunansa, mata da yawa layinsu da sunan miji ne ko wa, wani ma a bakin hanya ya saye shi da rajistarsa bai san mai sunan ba. Sannan layi in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓe abinsa ya sayar wa wani. Na san wani Alhaji mai sarin kaya da ya ɗaura duk asusunsa kan layinsa na Nijeriya saboda can yake yawan zama, da aka rufe iyaka a 2023 ya daina zuwa, layin na cikin durowa wata da watanni, ranar da ya canza waya aka ce an tura lamba zuwa layi mai farawa da +234, muka sa sim ɗin ya ƙi tashi, da muka kira lambar wani ne daban ya ɗauka. Shafin da yake tallar kayansa da mutanen da suka san shi a can duk ya bar su ya buɗe sabo daga farko. Babu ofishin Google ko na Facebook a Maradi da za ka je da shaidu biyu da mai unguwa su ce kai ne, fom ne za ka cika a intanet na'ura ta duba, in ba ta gamsu ba shi ke nan.

To me nake so a yi? Takarda da bik. Na san za a yi min dariya a ce mai gyaran waya na mayar da mutane zamanin da, amma takarda ba ta buƙatar caji, ba ta buƙatar rezo, kuma wanda ke zaune wata ƙasa ba ya iya karanta abin da ke cikin akwatinka. Aƙalla abu uku kada lambobinsu su kwana a waya kaɗai, babban imel ɗinka wanda duk sauran asusu ke rataye da shi, ita kanta manhajar ajiyar in kana da ita, da duk asusun da kake cin abinci da shi, kamar matan nan namu masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta Facebook da Instagram. A wayar da ke Faransanci, ka shiga asusunka na Google, ɓangaren tsaro, wurin Validation en deux étapes, za ka ga Codes de secours. Ka zauna a natse ka kwafe su da hannu, ka sake dubawa lamba bayan lamba, don 1 da 7 na rikita mutane a rubutun hannu, haka 0 da 6. Ka gwada guda ɗaya nan take ka ga ta yi aiki sannan ka soke ta da bik tunda ta mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ranar da waya ta ɓata ta zama ranar da za ka fara gane cewa ka rubuta ba daidai ba.

Na yarda takarda ma tana da nata. Gara na ci, yara na yagewa su yi wasa, uwargida na iya kunna wuta da ita ba ta sani ba, kuma duk wanda ke Maradi a daminar 2024 ya ga yadda ruwa ya rushe gidaje ya tafi da kayan mutane har da takardu. Shi ya sa nake cewa kwafi biyu. Ɗaya ka naɗe a leda ka sa inda kake ajiye takardar gida ko ta fili da takardun haihuwar yara, wurin da ba a buɗewa kullum, ɗayan kuma ka sa a ambulan ka liƙe ka kai wani gidan, wurin mahaifiya ko wa ko wani amininka da ka yarda da shi. Kada ka rubuta kalmar sirri a takarda ɗaya da lambobin, kuma ba sai ka rubuta cikakken adireshin imel a sama ba, wata ƴar alama da kai kaɗai za ka gane ta isa, yadda ko wani ya tsinta zai ga lambobi ne kawai bai san ƙofar da suke buɗewa ba. Babbar kalmar manhajar ajiya ita ma tana son tata takardar a wani wurin daban, don mantuwa na kama kowa, balle wanda ya saba buɗewa da yatsa ya yi wata shida bai rubuta ta ba. In kuma ka ji a ranka wani ya ga takardar, ko ka neme ta ka rasa, ka shiga ka nemi sababbin lambobi, da zarar sun fito tsofaffin sun daina aiki.

Sauran ƙananan asusu, irin na wasanni da shafukan da ka yi rajista sau ɗaya ka manta, waɗannan kam a zuba lambobinsu a manhaja ba laifi, ba wanda zai cika kaye guda da su. Samarin da ke ba da waccan shawara ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya, sai dai shawarar ta fi dacewa da mai kwamfuta a gida da wata a ofis da waya biyu, wanda in ɗaya ta ɓata ma'ajin na buɗe a ɗayar. Mu kuwa yawancinmu waya ɗaya ce, ita ce ofis ita ce shago ita ce banki.

Wani ɗan abu da nake yawan gani, mutum ya zo a firgice wai manhajar lambobi ta lalace, duk lambar da ya sa a ce ba daidai ba, har ya fara ƙona lambobinsa na ko-ta-kwana ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa agogon wayar ne ya kauce, musamman bayan an cire batir ko ta daɗe a mace, su kuma lambobin da lokaci ake lissafa su. A mayar da agogo kan saitin kai tsaye sai ka ga ta dawo.

WhatsApp nasa daban ne, shi ba ya ba da jerin lambobi, lamba 6 ce kai za ka zaɓa da kanka, sai ya nemi imel don ranar mantuwa. Mutane na tsallake wurin imel ɗin, in ka manta lambar kuma babu imel sai ka jira kwana 7 kafin ka iya sake ta, ga mai kasuwanci kwana 7 ba wasa ba ne. Ita ma a rubuta ta. Kuma don girman Allah duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko za a sa ka a guruf na tallafi, ko wai ya yi kuskure ya turo lambarsa a wayarka ka karanto mishi, ka kashe kiran. Lambar SMS da lambobin ko-ta-kwana ba a karanta wa kowa su, ko da muryar ɗan uwanka ka ji, ka kira shi a layin da ka sani tukuna.

Magana ta ƙarshe gare mu ne, masu gyara da yaran da ke buɗe wa mutane asusu a kasuwa da bakin tasha. Dattijo ko baiwar Allah da ba ta yi lakwal ba ta zo ta biya a buɗe mata Facebook ko imel, yaro ya sa lambarsa shi a wurin lambar ceto don sauri, ya ƙirƙiri kalmar sirri bai faɗa mata ba, lambobin ko-ta-kwana ko kallonsu bai yi ba. Bayan shekara ya tafi Agadas ko Libiya neman kuɗi, ita kuma an bar ta da asusun da ba nata ba ne a zahiri. Wannan amana ce aka ba mu. In ka buɗe wa mutum, ka sa layinsa shi, ka rubuta mishi lambobinsa a takarda da manyan baƙaƙe, ka karanta mishi ka ce Baba wannan a kai gida a ɓoye tare da takardun gida, kai kuma kada ka riƙe kwafi a wayarka. Minti biyar ne, ni ba na ƙara ko dala a kansa.

Malam Edita ina roƙon in da hali ku ware wani ɗan gefe a jaridarku ku nuna da hotuna inda ake samun waɗannan lambobi a Google da Facebook, da sunayen wuraren dannawa na Faransanci da na Ingilishi duka, don a nan wayoyinmu kashi biyu ne, wasu an sayo su daga Kano wasu daga Yamai, mu kuma sai mu yanke shafin mu liƙa a rumfunanmu mu riƙa nuna wa masu zuwa. Na gode da filin da kuka ba ni, Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Mai karatunku, wani mai gyaran waya,
Maradi, Jamhuriyar Nijar